Yadda Ikkilisiyar Baftis Za Ta Zaɓi Ɗan Mishan Ta Kuma Riƙe Shi

A tsarinmu na Baftis babu wani bishop da zai rubuto takarda daga sama ya ce ga wanda za ku aika, ga abin da za ku biya shi. Kowace ikkilisiya tana cin gashin kanta, taron membobi ne ke yanke magana. 'Yancin nan da daɗin faɗa, amma idan aka zo batun mishan sai ya koma nauyi. In an aika wanda bai dace ba, mu ne. In an aika wanda ya dace aka bar shi da yunwa, mu ne dai. Na daɗe ina zama a kwamitin mishan, kuma ga yadda nake ganin ya kamata a bi aikin, tun daga ranar da wani ya ce yana jin kira har ranar da zai dawo gida.

Takarda tun babu kowa a bakin ƙofa

Kada ku jira sai wani ya tsaya a gabanku da jakarsa kafin ku fara tunanin ƙa'ida. A ranar ba za ku iya ba, domin mai neman zai kasance ɗan wani dattijo ne, ko ƙanen matar fasto, ko yaron da kowa ya ga girmansa a makarantar Lahadi, kuma duk dokar da aka kafa a lokacin za a ce don shi aka kafa ta. Ku zauna sa'ad da hankali ke kwance ku rubuta shafi biyu ko uku: irin aikin da kuke kira mishan (kafa sabuwar ikkilisiya ne kawai, ko har da fassarar Littafi Mai Tsarki da aikin asibiti da koyarwa a makarantar tauhidi), koyarwar da dole mutum ya amince da ita, tsawon alkawarin tallafi, da yadda za a kawo shi ƙarshe. A karanta a taron membobi, a kaɗa ƙuri'a, a ajiye inda kowa zai iya dubawa.

Kwamiti kada ya yi yawa. A sa mata a ciki, da wanda ya san lissafi, da wanda ya taɓa zama cikin mutanen da ba sa jin yarensa, ko da neman abinci ne ya kai shi. Fasto ya zauna tare da su. Aikinsu bincike da ba da shawara, amma ikkilisiya ce ke aikewa.

Wa za a aika

Kowa ya san Ayyukan Manzanni sura 13, inda Ruhu Mai Tsarki ya ce wa ikkilisiyar Antakiya ta keɓe masa Barnaba da Shawulu (wato Bulus), aka yi azumi da addu'a, aka ɗora musu hannu, aka sallame su. Abin da ba a cika komawa a duba ba shi ne sura 11. A can aka gaya mana mutanen nan biyu sun yi shekara guda cur suna koyarwa a wannan ikkilisiya, kuma da aka tara gudummawa domin 'yan'uwa na Yahudiya saboda yunwa, a hannunsu aka damƙa ta. Kafin a aike su, Antakiya ta riga ta ji koyarwarsu, ta kuma ga riƙon amanarsu. Cikin shugabanninta biyar da aka lissafa ta ba da biyu, kuma ba waɗanda ta rasa yadda za ta yi da su ba ne.

Shi ya sa ba na fara tambaya da yadda mutum ya ji kira, ko da yake zan zo kanta. Nakan fara da abin da yake yi a nan yanzu. Wa ka taɓa zama da shi kuna karanta Maganar Allah mako bayan mako har ya tsaya da ƙafafunsa? Wane aiki aka ba ka a ikkilisiya wanda babu mai tafa maka, ka kuma riƙe shi? Wanda bai taɓa buɗe baki ya yi wa maƙwabcinsa bishara da yaren da ya tashi da shi ba, ba zai fara don an kai shi inda ko gaisuwa ba ya ji ba.

Ku buɗe 1 Timoti 3 da Titus 1 ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk abin da aka jera a wurin hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, rashin faɗa, iya riƙe gida, kada ya zama sabon tuba, ya kuma sami kyakkyawar shaida daga waɗanda ba na ikkilisiya ba. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa. Mai nema zai kawo muku sunayen mutum uku da za su shaide shi, kuma ai ba zai kawo maƙiyinsa ba. Ku kira su, sannan ku ce wa kowannensu ya ba ku sunan wani da ya san mutumin. A wurin waɗannan na biyun ake jin gaskiya: wanda ya yi wa aiki, mai gidan da yake haya, abokin karatunsa. Ku tambaye shi kai tsaye ko ana bin sa bashi, nawa ne, yaya kuma yake shirin biya. Bashi ba zunubi ba ne, amma wanda ya tafi da shi a wuya, tallafin wata zai riƙa komawa baya maimakon ya tsaya a filin aiki. Likita kuma ya duba shi da iyalinsa duka.

Batun iyali zan ɗan daɗe a kansa. William Carey, wanda ake kira uban aikin mishan na zamani, ya tashi daga Ingila zuwa Indiya a 1793. Matarsa Dorothy da fari ta ƙi tafiya, sai daf da tashi aka shawo kanta. A 1794 ɗansu Peter ya rasu yana ɗan shekara biyar, ita kuma ta sami taɓin hankali wanda bai sake ta ba har mutuwarta a 1807. Muna yabon Carey, kuma ya cancanci yabo, amma duk kwamitin da ya san labarin nan ba zai yarda miji ya amsa tambaya a madadin matarsa ba. Mata biyu daga kwamiti su zauna da ita ba tare da mijin ba, ba kuma a ofishin fasto ba. Su tambaye ta ko ita ma tana son tafiyar, me take tsoro, yaya take ganin karatun yara, wa zai duba iyayenta. In ta ce zuciyarta ba ta kwanta ba, a tsaya. Ba rashin bangaskiya ta nuna ba, gaskiya ta faɗa tun da sauran lokaci. Haka kuma kada a ɗauka ɗan mishan dole namiji ne mai aure. Mata marasa aure sun ɗauki kaso mai girma na aikin nan, kuma tambayoyin hali da koyarwa iri ɗaya za a yi musu.

Sai koyarwa. A nan kada a ji kunya, a tambayi kome dalla-dalla: ceto ta wurin alheri, ikon Littafi Mai Tsarki, baftismar masu bi ta hanyar nutsarwa, Jibin Ubangiji, yadda ake tafiyar da ikkilisiya. Adoniram Judson, sanannen ɗan mishan Ba'amurke, ba a matsayin ɗan Baftis ya bar Amurka a 1812 ba, wata ɗarika ce ta aike shi. A cikin jirgin ruwa ya yi ta nazarin batun baftisma, da ya isa Kalkata ta Indiya aka yi masa baftisma ta nutsarwa, ya rubuta wa waɗanda suka aike shi ya ajiye tallafinsu. Mu 'yan Baftis mukan ba da labarin da murmushi domin mu muka ci riba, amma ku sa kanku a wurin waɗanda suka tara kuɗin jirgin. Judson mai gaskiya ne, ya faɗa. Ba kowa ke faɗa ba. Ku rubuta cikin yarjejeniya cewa in ra'ayin mutum ya sauya a kan wani babban batu, ku ne na farko da za ku ji.

Akwai wani hali da ba ya fitowa a takardar shaida, wato juriya. Carey ya yi shekara bakwai a Indiya kafin a yi wa mutum na farko, Krishna Pal, baftisma a 1800. Judson ya isa Bama (Myanmar ta yau) a 1813, sai 1819 ya yi baftismar farko, fassarar Littafi Mai Tsarki kuwa sai 1834 ya kammala. Ku duba ko mai neman ya taɓa fara wani abu mai tsawo ya kai shi ƙarshe, ko kuwa kowace shekara da sabon hangensa. Hanya mafi kyau ita ce a tura shi wata uku ko shida ya yi aiki a ƙarƙashin wanda ya daɗe a fili, a kuma nemi wancan ya rubuto rahoto ga kwamiti kai tsaye. Ku tambaya musamman: yana karɓar gyara? Yana cin abin da aka ba shi? Yana ƙoƙarin koyon yaren, ko yana jiran tafinta?

Amsar kwamiti iri uku ce: e, a'a, ko ba yanzu ba. Ta ukun ita aka fi ɓatawa, domin ana amfani da ita don gudun faɗin a'a. In kun ce ba yanzu ba, ku faɗi abin da ya rage, ko karatu ne ko biyan bashi ko ƙarin hidima a gida, ku sa ranar da za a sake zama, ku kuma haɗa shi da wanda zai riƙa bibiyarsa.

Wanda ya zo daga wata ikkilisiya yana neman tallafi, ƙa'ida guda nake riƙewa a kansa: ba a kaɗa ƙuri'a ranar da ya yi wa'azi. Hotuna sun taɓa zuciya, hawaye bai bushe ba, kowa zai ɗaga hannu. A nemi wasiƙa daga ikkilisiyar da ta aike shi, a kira fastonta a yi magana, a ga kasafin kuɗinsa da sunan hukumar da ke sa ido a kansa. Wanda ba shi da ikkilisiyar da za ta iya kiransa gida in ya karkace, ni ba na goyon bayan a ba shi tallafin wata-wata, kome daɗin bakinsa.

In kwamiti ya gamsu, a kawo shi gaban membobi su yi masa tambayoyi, a kaɗa ƙuri'a, sannan a sa ranar sujadar keɓewa da ɗora hannu.

Hanyoyi biyu da kuɗi ke bi

'Yan Baftis ba su taɓa zama a kan hanya ɗaya ba. Ta farko ita ce haɗa hannu. Da Judson ya rasa masu tallafa masa, abokinsa Luther Rice ya koma Amurka ya yi ta zagaya ikkilisiyoyi, har aka kafa babban taron haɗin gwiwa na farko a Filadelfiya a 1814. Mafi girman misali a yau shi ne na ɗarikar Southern Baptist a Amurka, waɗanda tun 1925 suke da tsarin da suka kira Cooperative Program: kowace ikkilisiya tana ware wani kaso na baikonta zuwa asusun haɗin gwiwa, hukumarsu ta International Mission Board kuma ita ke tantance 'yan mishan, ta biya su albashi. Amfaninsa a fili yake, ɗan mishan ba ya yawon neman kuɗi. Illarsa kuma, mai ba da baiko zai iya shekara goma bai san sunan ko mutum ɗaya da kuɗinsa ke riƙewa ba. Ba kuma cewa asusun ba ya girgiza ba ne: tsakanin 2015 da 2016 ƙarancin kuɗi ya sa kusan 'yan mishan 1,000 na hukumar suka bar fili.

Ta biyu ita ce wadda ikkilisiyoyin Baftis masu zaman kansu suka fi bi. Ɗan mishan da kansa zai bi ikkilisiya bayan ikkilisiya yana bayyana aikinsa, kowace ta yi alkawarin abin da za ta riƙa bayarwa a wata, har ya haɗa abin da zai ishe shi. Sau da yawa yawon nan kan ci shekara biyu ko fiye. An san shi ido da ido, wannan gaskiya ne, amma ya ƙone shekarun ƙuruciyarsa a kan hanya, kuma duk lokacin da ya zo hutu sai ya sake zagaya su duka.

Kowace kuka bi, ga ra'ayina, kuma na san akwai masu jayayya da shi. Gara ku riƙe mutum uku da ƙarfi da ku jera hotuna talatin a bango kuna aika wa kowa abin da ba zai saya masa kome ba. Bangon yana burge baƙi, amma babu ikkilisiyar da za ta iya sanin iyali talatin, ta yi musu addu'a da sunayen 'ya'yansu. Wanda kuka aika daga cikinku, ku ɗauki babban kaso na nauyinsa, ku kuma taimaka masa ya sami sauran daga 'yan ikkilisiyoyi kaɗan da ke kusa da juna. In kuna cikin tsarin haɗin gwiwa, ku ci gaba da ba da kasonku, sannan ku roƙi hukumar ta haɗa ku da iyali ɗaya ko biyu da za ku sani.

Lissafi

Ranar 2 ga Oktoba 1792 da aka kafa ƙungiyar mishan ta Baftis wadda ta aike Carey, a garin Kettering na Ingila, abin da aka yi alkawari fam 13 ne da sule 2 da sisi. Mukan faɗi wannan don ƙarfafa masu ƙaramin ƙarfi, kuma daidai ne. Amma a ƙara da cewa kuɗin da Carey da abokinsa likita John Thomas suka tafi da shi bai daɗe ba ya ƙare, har Carey ya kama aikin kula da masana'antar shuni don ya ciyar da iyalinsa. Kasafin da aka yi a gida da zato, fili ne ke fallasa shi.

Ku nemi wanda ke zaune a inda za a je ya gaya muku ainihin tsadar rayuwa. Ku raba kasafin gida biyu, kada ku gauraya: abin da iyali za su ci, da kuɗin aiki. A ɓangaren iyali akwai haya, abinci, makarantar yara, magani ko inshorar lafiya, da wani abu da za a riƙa ajiyewa domin tsufa. Na ƙarshen nan ana yawan mantawa, sai mutum ya dawo da furfura ba shi da ko ɗaki. A ɓangaren aiki akwai sufuri, malamin yare, littattafai, biza da sabunta takardu, da kuɗin zuwa gida. Kuɗin aiki a kawo rasit a kansa. Kuɗin iyali kuwa nasu ne, ba ruwan kwamiti da ko sun sayi takalmi. In ƙasar waje ce, ku tuna canjin kuɗi na iya cinye kashi mai yawa na abin da kuke aikawa ba tare da kun rage ko kwabo ba, don haka a sake duba kasafin kowace shekara.

Asusun mishan ya zama daban, da sa hannun mutum biyu, kuma kada a taɓa shi don rufin majami'a da sunan aro. A tara abin da zai kai na wata uku a ajiye kafin mutum ya tashi. A sa ranar biya a riƙe ta. Ƙaramin tallafi da ke zuwa ranar da aka ce ya fi babba da ba a san ranar zuwansa ba, domin mai gidan haya ba ya jiran taron kwamiti.

Wajen tarawa, wasu na yanke kaso daga baikon kowane mako, wasu na yin baiko na musamman sau ɗaya a shekara, wasu kuma na bin abin da ake kira alkawarin bangaskiya, wanda Oswald J. Smith na Toronto ya yaɗa: kowa ya rubuta a kan kati a ɓoye abin da yake dogara ga Allah zai bayar cikin shekara, ban da zakkarsa. Yana aiki, amma kada ku yi kasafi a kan jimlar katunan gaba ɗaya. Ku gina a kan abin da ya shigo hannu bara.

Bayan an tafi

Andrew Fuller, sakataren farko na ƙungiyar Kettering, ya kwatanta tafiyar Carey da mutumin da zai sauka cikin rami mai zurfi na haƙar ma'adinai, ya yarda zai sauka in sauran za su riƙe igiya. Fuller ya riƙe tasa har mutuwarsa a 1815, yana zagaya Ingila da Sikotilan yana tara kuɗi, yana rubuta wasiƙu, yana kare aikin a gaban masu suka. Abin lura shi ne mutum ne mai suna, ba "ikkilisiya gaba ɗaya" ba. Ku ma ku ɗora wa mutum ɗaya ko iyali ɗaya alhakin kowane ɗan mishan: shi zai kira, shi zai san ranar da yaro ya kwanta asibiti, shi zai kawo roƙon addu'a ranar Lahadi. Ikkilisiyar Filibi ba kuɗi kawai ta aika wa Bulus ba, ta aika Abafroditus ya kai da hannunsa ya kuma yi masa hidima. In da hali, wani ya je ya gani da idonsa, ya ɗauki nauyin kansa, kada ya zama ƙarin ɗawainiya ga waɗanda ya je dubawa.

Rahoto sau huɗu a shekara ya isa. Ku kula da irin tambayar da kuke yi, domin ita ce za ta haifi irin amsar da za ku samu. In kullum adadin waɗanda suka tuba kuke nema, za ku koya wa mutumin kirki ƙarin gishiri. Ku tambayi yadda yaren ke tafiya, su wa yake horarwa, yaya shi da matarsa, yaushe ya huta. Idan kuma yana inda bishara ke da haɗari, ku tambaye shi abin da za a iya faɗa a fili. Kada a sa sunansa ko hotonsa ko sunan garin a Facebook ko a rukunin WhatsApp sai da izininsa. Zumuɗin wani a gida na iya sa a kore shi, ko a cutar da waɗanda suka ba da gaskiya ta wurinsa.

Lottie Moon, 'yar mishan ta Southern Baptist, ta yi aiki a ƙasar Sin daga 1873 har ta rasu a 1912 a cikin jirgin ruwa a tashar Kobe ta Japan, a hanyarta ta komawa gida, jikinta ya ƙare. Wasiƙunta ne suka sa matan Southern Baptist suka fara baikon Kirsimeti domin mishan a 1888, wanda har yau yake ɗauke da sunanta, kuma tana cikin waɗanda suka matsa a riƙa ba 'yan mishan hutu a kan kari. Ku rubuta lokacin hutu cikin yarjejeniya, tallafi kuma ya ci gaba a lokacin. Da Bulus da Barnaba suka koma Antakiya sun tara ikkilisiya sun ba da labari, sannan suka zauna da almajiran kwanaki da dama. Ku ba shi sujada guda ya yi bayani a natse, ba minti biyar tsakanin sanarwa da baiko ba. Ku nema musu wurin kwana tun kafin su iso, ku bar makonnin farko babu wa'azi, ku kuma sa ido a kan yaran, waɗanda garin iyayensu baƙon wuri ne a gare su.

Wani zai dawo tun wa'adi bai cika ba. Yohanna Markus ya juya daga Bamfiliya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, amma daga baya Bulus ɗin ne ya rubuta wa Timoti ya zo da shi domin yana da amfani a gare shi. Ku saurari mutum kafin ku yanke masa hukunci, ku ci gaba da tallafi na 'yan watanni har ya sami abin yi.

In kuwa ku ne za ku dakatar da tallafi, a yi shi a rubuce, da dalili, bayan an yi magana da shi da ikkilisiyar da ta aike shi. Ban da inda aka tabbatar da babban laifi, a ba shi sanarwar aƙalla wata shida, kuma kada a yanke yana tsakiyar fili ba shi da kuɗin dawowa. Idan ƙarfin ikkilisiya ne ya gaza, a faɗi haka ƙarara a wasiƙar don kada sauran masu tallafa masa su zaci laifi ya yi, fasto kuma ya tuntuɓi ikkilisiyoyin da ya sani ya nema masa wadda za ta cike gurbin kafin watannin su cika.